Da gaske Mansa Musa ne ya fi kowa kuɗi a tarihin duniya?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Kullum sai in ga ana yawo da hoton Mansa Musa na Mali a Facebook da WhatsApp ana cewa shi ne ya fi kowa kuɗi tun da aka halicci duniya, wai dukiyarsa ta kai dala biliyan 400, wai kuma da zai je Hajji ya raba zinari a Masar har sai da tattalin arzikinsu ya rushe na shekara goma. Gaskiya ne ko dai zuƙi ta malle ce irin ta intanet?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah ƙanena. Naji daɗi da ba ka haɗiye maganar haka nan ba sai da ka tambaya. Mansa Musa dai mutum ne na gaske, ya yi sarautar Mali daga wajen 1312 zuwa wajen 1337, ya je Hajji a 1324 wato shekara ta 724 bayan Hijira, kuma ya shiga Alƙahira da zinarin da sai da aka shekara fiye da goma ana zancensa a kasuwanninsu. Wannan duk babu tantama a ciki. Amma biliyan 400 ɗin nan ka ajiye ta gefe guda. Wani shafin intanet ne na Amurka, irin masu lissafa dukiyar 'yan fim da mawaƙa, ya fito da ita a 2012, jaridu suka kwasa suka watsa, shikenan ta zama kamar karatu a bakin kowa. Babu littafin baitulmalin Mali ko ɗaya da ya iso hannun masana, babu takardar haraji daga fadarsa, to da me aka yi lissafin?

Bari in fara nuna maka ta ina ma muka san mutumin, don nan ne gizo ke saƙar. Zamanin ba a san injin buga littafi ba, kowane littafi sai wani ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe shi shafi bayan shafi, labari kuma daga baki yake zuwa wani baki kafin ya samu wanda zai sa shi a takarda. Wanda ya fi kowa kawo mana bayanin Musa shi ne al-Umari, magatakarda ne a gwamnatin Mamluk masu mulkin Masar da Sham a lokacin, haifaffen Dimashƙa, kuma shi kansa bai taɓa zama da Musa ba. Bayan kimanin shekara 12 da wucewar ayarin ne ya bi mutanen Alƙahira da suka yi hulɗa da baƙin ɗaya bayan ɗaya, jami'in da aka ɗora wa tarbar baƙi, da gwamnan unguwar da aka sauke su, da 'yan kasuwa, yana rubuta wane ya faɗa min kaza, wane ya faɗa min kaza, kamar dai yadda malaman hadisi ke kawo isnadi. Wannan ne ya sa nake girmama rubutunsa. Sai Ibn Battuta ɗan Tanja ta Maroko, shi ya taka ƙasar Mali da ƙafarsa a 1352 zuwa 1353, amma lokacin Musa ya rasu, ɗan'uwansa Mansa Sulaiman ne a kan gado. Sai Ibn Khaldun wajen ƙarshen ƙarnin, wanda shi ya ba mu jerin sarakunan Mali. Sai kuma littattafan tarihi biyu na malaman Tumbuktu, Tarikhus Sudan da Tarikhul Fattash, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 17, fiye da shekara 300 bayan tafiyar.

Riƙe wannan tazarar a ranka, sabida yawancin manyan lambobin da kake gani daga can ƙarshe suka fito. Mutum 60,000 a ayari, da bayi 500 a gaba kowanne riƙe da sandar zinari, wannan daga Tarikhus Sudan ne. Ibn Khaldun da ya fi kusa da zamanin ya kawo kuyangi 12,000 masu ɗaukar kaya sanye da alharini. Ni dai a ganina duk wanda ya san Sahara, ko ya taɓa jin yadda ayarin gishiri ke tafiya tsakanin Agadas da Bilma, ya san cewa rijiya ce ke yanke yawan ayari ba sarki ba. Mutum 60,000 da raƙumansu su tsaya a bakin rijiya ɗaya a tsakiyar rairayi, kafin na ƙarshe ya samu ya cika salka na farko ya sake jin ƙishi. Ayarin babba ne ƙwarai, dubban mutane ne, har mutanen Alƙahira da suka saba ganin ayarin alhazai duk shekara sai da suka riƙe baki, amma lamba irin ta marubutan da can sau da yawa nufinta kawai "suna da yawa sosai".

Toh yanzu zinarin. Al-Umari ya ce kayan raƙumi 100 na zinari ya fito da shi daga gida. Ibn Khaldun ya ce kaya 80 ne na garin zinari, kowane kaya ƙinɗari 3. Ƙinɗarin Masar wajen kilo 45 ne, kaga kowane raƙumi na ɗauke da wajen kilo 135 kenan, wanda kuwa kaya ne da raƙumi zai iya tafiya da shi, shi ya sa lissafin ke shiga hankali. Ka ninka sau 80 za ka samu kusan tan 11. Zinari ne mai uban yawa, musamman a zamanin da ba injin haƙa ba komai sai ƙwarya da fartanya da wankin yashi a bakin rafi. Amma ɗauki kalkuleta: in ka sa kowane kilo a dala dubu 100, tan 11 bai wuce dala biliyan 1 da 'yan kai ba. Ina biliyan 1 ina 400.

Maganar rushe tattalin arzikin Masar kuwa, ga abin da al-Umari ya rubuta: kafin zuwansu miskalin zinari ba ya sauka ƙasa da dirhami 25, bayan sun zo ya koma ba ya wuce 22, kuma haka ya zauna har lokacin da yake rubutun, kimanin shekara 12. Miskali wajen giram 4 da kwata ne. Daga 25 zuwa 22 saukar kashi 12 cikin ɗari ce. Je ka Wapa ka tambayi duk wani ɗan canji ko saukar kashi 12 na rushe ƙasa, mu da muka ga abin da ya fi haka cikin wata ɗaya. Masu binciken kuɗin Mamluk ma sun nuna canjin zinari da azurfa a Alƙahira dama yana hawa yana sauka kamar haka ko ba Musa. Abin da ya kamata ya ba ka mamaki shi ne a ce baƙo ɗaya da jama'arsa, cikin wata uku kacal, daga Yuli zuwa Oktoba, su motsa farashi a birnin da yake cikin manyan kasuwannin duniya a lokacin. Wannan kaɗai ya isa abin faɗa ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Kuma ba duka kyauta ba ce ta fitar da zinarin, wannan wurin yana min ciwo duk lokacin da na karanta shi. Ee ya yi kyauta, al-Umari ya ce babu wani amir ko mai muƙami a fada da bai samu rabonsa ba. Amma 'yan kasuwar Alƙahira da bakinsu suka gaya wa al-Umari yadda suka ci baƙin nan, riga ko mayafin da bai kai dinari ɗaya ba sai su sayar musu dinari 5, su kuma mutanen Mali da zuciya ɗaya suke biya don sun yarda da duk abin da aka faɗa musu, sai daga baya da suka gane aka ɓata. Sannan a hanyar dawowa daga Makka ayarinsu ya rabu da babban ayarin Masar, sanyi da yunwa da 'yan fashin hanya suka cinye mutane da raƙuma da yawa. Ya dawo Alƙahira hannu ba komai, sai da ya ci bashi. Za ka ga ana rubutawa wai da gangan ya ranto zinarin don ya gyara farashin da ya ɓata, kai ka ce gwamnan babban banki ne, wannan ƙirƙirar mutanen yanzu ce, babu ta a rubutun mutanen da. Kuɗi ne suka ƙare masa. Kuma bashin da ruwa mai tsanani aka ba shi, al-Umari ya ce a kan dinari 300 masu ba da rancen sun ci ribar 700, shi kuma da ya koma gida ya aiko musu da kuɗinsu har da ƙari.

Akwai ma wani attajirin Iskandariyya, Sirajuddin ibn al-Kuwaik, wanda Musa da fadawansa suka ranci kuɗi a wajensa. Ya tura wakilinsa ya bi su ya karɓo, wakilin ya je Mali ya yi zamansa, sai shi da kansa ya ɗauki ɗansa suka ƙetaro Sahara karɓar bashin. Da suka iso Tumbuktu ya sauka a gidan wani Ba'andaluse da zan ba ka labarinsa yanzu, aka ci abinci, a daren nan ya rasu. Mutane suka fara gunaguni wai guba aka sa masa, ɗan ya ce a'a, tare muka ci abincin nan da shi, da akwai guba da duk mun mutu, kwanansa ne ya ƙare. Ɗan ya wuce babban birni aka biya shi kuɗinsu ya koma Masar. Ibn Battuta ya ga kabarin mutumin da idonsa a Tumbuktu.

Wani abin da mutane ba su sani ba, Musa bai mallaki ramukan zinarin ba. Zinarin daga Bambuk yake fitowa, tsakanin kogin Sanagal da Faleme, da kuma Bure da ke can saman kogin Neja a ƙasar Gini ta yau, kuma masu haƙar ba Musulmi ba ne, suna da tsafinsu da al'adunsu na haƙa. An ruwaito a Alƙahira cewa sarakunan Mali sun gwada, duk lokacin da suka ci wani garin zinari da yaƙi aka fara kiran salla a ciki sai zinarin ya ja baya, ya ƙaru a garuruwan da ke maƙwabtaka, don haka suka bar mutanen da abinsu suna karɓar gaisuwa kawai. Ka duba hikimar da ke ciki, mai haƙa in ka matsa masa sai ya ajiye fartanya ya ce ƙasa ta ƙi bayarwa, wa zai ƙaryata shi. Har ma a Alƙahira an yi ta yaɗa cewa a ƙasarsu zinari tsirowa yake kamar ganye ana girbe shi bayan ruwa ya ɗauke, ni kuma ina ganin irin wannan zance ya yi wa Mali amfani, wanda bai san inda rami yake ba ba zai zo nemansa ba.

Ƙarfin sarkin Mali a hanya yake. Shi ke riƙe da tsakiya, tsakanin masu zinari a kudu da masu gishiri da tufafi da dawakai a arewa. Ibn Battuta ya bi ta Tagaza inda ake haƙo gishirin, ya ce gidajen garin da masallacinsu duk da sassaƙen gishiri aka gina su aka rufa da fatun raƙuma, ba itace ko ɗaya, kuma kayan raƙumi ɗaya na gishiri a Walata, garin da ke bakin Sahara ta kudu, miskali 8 zuwa 10 ne, in ya kai babban birnin Mali sai ya zama 20 zuwa 30, wani lokaci har 40. Ga jan ƙarfe kuma, Musa da kansa ya faɗa a Alƙahira cewa suna kai shi kudu suna sayar da miskali 100 na jan ƙarfe a kan miskali 66 da biyu bisa uku na zinari. Al-Umari ya ce tsawon ƙasar tafiyar wata huɗu ce ko fiye, faɗinta ma haka, sojojinta 100,000 da mahaya 10,000 a ciki. To irin wannan ta yaya za ka maida shi dala? Ina iyakar aljihun sarki ina farkon baitulmali? Attajirin yau ana ƙirga hannun jarinsa a kamfani, sarkin da kuwa dukiyarsa ita ce mutum nawa za su tashi in ya ce a tashi.

Kuma dole in faɗa maka wannan ko da ba shi da daɗin ji, cikin dukiyar nan akwai mutane. Kuyangin nan da aka ƙirga masu ɗaukar kaya 'ya'yan wasu ne da aka kamo. Ibn Battuta da zai koma gida a 1353 ya taso daga Takadda, can yankin Azelik a ƙasar Nijar ta yau, cikin ayarin da ke ɗauke da bayi mata wajen 600 za a ƙetara da su Sahara. In za mu yi alfahari da zinarin to mu tuna da su ma.

Ni abin da ya fi jan hankalina game da shi halinsa ne, don a nan rubutun al-Umari ya fi rai. Da ya iso sai da ya kwana uku a gefen dalar Fir'auna a Giza kafin ya haye kogin Nilu. Jami'in tarbar baƙi ya ce ya yi ta fama da shi ya hau fada ya gaida Sultan an-Nasir Muhammad ibn Ƙalawun, shi kuwa ya ce shi Hajji ya zo ba wani abu ba, ba ya son ya haɗa ibadarsa da wata harka. Jami'in ya gane dalilin, a fadar Mamluk duk wanda ya shigo sai ya faɗi ya sumbaci ƙasa. Ka tuna wannan mutum ne da a fadarsa shi ake yi wa afi, talaka da basarake in sarki ya yi musu magana sai su ɗebi ƙasa su watsa a kai da baya. Da aka kai shi gaban Sultan ya ƙi faɗuwa, ya ce wannan bai halatta ba, sai wani mai hankali cikin mutanensa ya raɗa masa magana a kunne, sai ya ce yana yin sujada ga Allah da Ya halicce shi, ya yi sujadar, sannan ya matsa gaba, Sultan ya ɗan miƙe ya tarbe shi ya zaunar da shi kusa da shi. Kowa ya fita da mutuncinsa. Kuma duk da yana jin Larabci sosai, ta bakin tafinta kawai yake magana a bainar jama'a, kamar yadda har gobe a fadojinmu sarki ba ya amsa gaisuwa da bakinsa sai fadawa su amsa.

Ga wani kuma da na fi so. Ibn Amir Hajib, gwamnan da ya zama abokin hirarsa, ya ji cewa a Mali in 'yar wani ta tashi kyakkyawa sai a kai wa sarki ita ya riƙe kamar ƙwarƙwara ba ɗaurin aure, alhali 'ya ce ba baiwa ba. Ya ce masa wannan bai halatta ga Musulmi ba. Musa ya tambaya, ko ga sarakuna? Ya ce ko ga sarakuna, ka tambayi malamai. Nan take ya rantse bai sani ba, ya ce ya bari daga yau. Mutum mai sojoji dubu ɗari a gaya masa ya yi kuskure a ƙasar baƙi ya karɓa ba gardama, wannan ya fi min raƙuman zinarin nauyi.

Shi wannan gwamnan ne ma ya tambaye shi yadda aka yi ya hau mulki, ya ce sarkin da ya gabace shi bai yarda teku ba ta da iyaka ba, ya shirya jiragen ruwa 200 cike da mutane da wasu 200 na guzuri ya tura su cikin Atilantika, ɗaya kawai ya dawo ya ce sun tarar da wani ruwa mai ƙarfin gudu a tsakiyar teku ya tafi da sauran. Sarkin ya shirya jirage 2,000 ya tafi da kansa ya bar wa Musa riƙon ƙasa, bai dawo ba. Iyakar labarin kenan, daga bakin Musa ta hanyar mutum ɗaya. Masu cewa sun isa Amurka kafin Kolombus ba su da shaidar da za su nuna, sunan Abubakar na biyu da ake liƙa wa sarkin ma kuskuren fassara ne na Turawan ƙarni na 19.

Kada kuma ka ɗauka shi ya fara. Mansa Uli ya yi Hajji a zamanin Sultan Baibars, tsakanin 1260 da 1277, Sakura ma ya je aka kashe shi a hanyar dawowa, sarakunan Kanem kuwa tun kafin nan suna zuwa har suna da makarantarsu a Alƙahira tun shekarun 1240. Abin da ya bambanta Musa shi ne girman tafiyar da kuma abin da ya dawo da shi. Ya sayo littattafan fiƙihun Malikiyya, kuma ka san a zamanin da kowane littafi rubutun hannu ne wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, ya taho da malamai, ya tura ɗalibai Fas ta Maroko karatu. A Makka ya haɗu da Abu Ishaƙ as-Sahili, mawaƙi kuma masanin shari'a ɗan Garnaɗa ta Andalus, shi ne Ba'andalusen da na ce maka, ya taho da shi, ya gina masa ɗakin zaman fada mai ƙubba a babban birni aka ba shi miskali 12,000. As-Sahili ya zauna a Tumbuktu har ya rasu a 1346. Babban masallacin Jingarebar na Tumbuktu ma da Musa ake danganta gina shi bayan dawowarsa, yana nan tsaye har yau da ginin ƙasa ana yaɓe shi. Sai dai a daina cewa ya gina jami'a mai ɗalibai dubu kaza, Ibn Battuta ya bi ta Tumbuktu a 1353 bai ma tsaya yabon karatun garin ba, tashen karatun masallacin Sankore na garin sai a ƙarni na 15 da na 16, zamanin su Ahmad Baba wanda aka haifa a 1556. Musa ya shuka, wasu suka girba bayan shekara ɗari biyu.

Mu ma nan ruwan ya fantsamo mana. 'Yan kasuwar Mali da malamansu, Wangarawa, su ne Tarihin Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, su wajen arba'in ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, suka sa sarki ya tsaida salla aka naɗa limami da ladani da alƙali. Wani rubutun na zuriyar Wangarawan ya kai zuwan nasu gaba zuwa ƙarni na 15, amma ko wanne ka ɗauka daga Mali suka taso, daga ƙasar da Musa ya cika da littattafan Malikiyya. Ibn Battuta ma da yake lissafa inda ake kai jan ƙarfen Takadda ya ambaci Gobir da Barno.

Hoton nan da kake gani, na sarki zaune da kambi a kai yana riƙe da dunƙulen zinari, ba wanda ya gan shi ne ya zana ba. Daga wata taswira ce da aka yi a tsibirin Mayorka a 1375, kusan shekara 40 bayan rasuwarsa, ana danganta ta da wani Bayahude mai zanen taswira Abraham Cresques, yanzu tana babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris. Shi ya sa kambin da sandar duk irin na sarakunan Turai ne. Turawa a lokacin suna cikin yunwar zinari, biranen Italiya Fulorans da Jenowa sun fara buga kuɗin zinari a 1252, Benis a 1284, kuma da yawan zinarin ta Sahara yake zuwa musu ta hannun Larabawa. Sunan da Musa ya yi ya ƙara musu kwaɗayin zuwa tushen da kansu, a ƙarni na gaba sai ga 'yan Fotugal suna gangarowa ta gaɓar teku har suka gina ganuwar Elmina a ƙasar Gana ta yau a 1482.

A gida kuwa abin mamaki, maroƙan Mandingo masu riƙe da tarihin baka Sunjata suke wa waƙa, wanda ya kafa daular bayan yaƙin Kirina wajen 1235, Musa bai cika fitowa a bakinsu ba. Wanda ya kwashi dukiyar ƙasa ya kai waje ba lallai mutanen gida su gan shi yadda baƙi suka gan shi ba. Wataƙila ma shi ya sa Mansa Sulaiman ya damƙe hannu, har Ibn Battuta ya kira shi marowaci don liyafar da ya aiko masa gurasa uku ce da soyayyen naman sa da ƙwaryar nono. Jikan Musa kuwa, Mari Jata na biyu, Ibn Khaldun ya ce almubazzari ne, har wani ƙaton dutsen zinari mai ƙinɗari 20 da ke taskar kakanninsa ya sayar wa 'yan kasuwar Masar da araha, ciwon barci ya kashe shi.

Shi Musa al-Umari ya ce niyyarsa ya koma gida ya miƙa wa ɗansa mulki ya dawo Makka ya zauna a maƙwabcin Ka'aba, ajali ya riga shi. Allah Ya jiƙansa. Mutanen Mali da Ibn Battuta ya tarar bayan shekara 15 da kyautarsa suke tuna shi, kuma wani malami a can ya ba shi labarin wani mutumin Tilimsan da ya taɓa taimakon Musa da miskali 7 da sulusi lokacin yana yaro ba wanda ya damu da shi. Bayan shekaru wata shari'a ta kawo mutumin fada, Musa na kan gado ya gane shi, ya kira shi ya zaunar da shi tare da shi a kan dandamalin sarauta, ya ba fadawa labarin abin da ya yi masa ya tambaye su me ya dace da wanda ya yi irin wannan alheri. Suka ce alheri ninki goma ne, a ba shi miskali 70. Ya ba shi 700, da riga, da barori, ya kuma ce kada ya daina zuwa wajensa.